Sabar Mastodon ta Hausa a Jos: kafin mu buɗe ƙofa, wa zai yi gadi?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Ina so mu koma kan shawarar buɗe saba tamu ta Mastodon, wato kwamfutar da za ta ɗauki namu dandalin sada zumunta mai kama da Twitter, domin masu rubutu da Hausa a Jos da kewaye. Dalilin sha'awar abin ba ɓoyayye ba ne. Gwamnati ta rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasu suka koma Koo, wani dandali na Indiya, ita Koo ɗin kuma ta rufe a 2024. Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022, dokokin gidan suka sauya. Wanda ya tara mabiya a gidan haya ya ga yadda abin yake. Sai dai gidan kanka ma, shara da gadi duk a wuyanka suke. Kafin a tara ko sisi, ina roƙon masana a cikinmu su fayyace abu biyu: yadda sabon shiga zai zauna da wurin, da yadda za a riƙa sa ido kan abin da ake wallafawa. Na biyun ya fi damuna.

Injiniyan Bukuru: Wa alaikumus salam. Bari in fara da ginin abin, domin duk wahalar sa ido daga nan take tasowa. Mastodon manhaja ce da Eugen Rochko ya fitar a 2016, kowa na iya ɗora ta a kan tasa sabar. Sabobin suna magana da juna da wata ƙa'ida mai suna ActivityPub, wadda aka amince da ita a 2018. Shi ya sa adireshin mutum ke da gaɓa biyu kamar na imel: sunansa, sai sunan sabarsa. Ku ɗauka kowace saba unguwa ce da mai unguwarta, kuma babu sarkin da ke bisa dukansu.

Abin da mutane ba sa ganewa da wuri shi ne komai kwafi ne. Idan mutum ɗaya a sabarmu ya bi wani da ke wata saba a Jamus, duk abin da wancan ya wallafa za a turo mana, mu ajiye a faifanmu, har da hotuna. Wannan na haifar da abu uku. Muna ajiye da kayan da ba mu muka rubuta ba. Idan mun goge, kwafinmu kaɗai muka goge, na asalin yana nan. Sannan idan ɗan sabarmu ya goge rubutunsa, saƙo kawai ake aika wa sauran sabobi cewa su ma su goge, babu mai tilasta musu.

Malamar Farin Gada: Injiniya ya kafa tushe. Ni bari in ɗauki ɓangaren sabon shiga, domin a nan ake rasa mutane tun makon farko. Wanda ya fito daga Facebook ko X (sabon sunan Twitter) ya saba a cika masa shafi da abin kallo ko bai bi kowa ba. A nan shafinka na gida zai fito fayau, sai abin da waɗanda kake bi suka wallafa, a jere bisa lokaci. Mutum ya duba sau biyu, ya ce ai wurin kufai ne, ya tafi.

Abin da ya kamata a koya wa kowa ranar farko: ya bi mutum talatin zuwa hamsin nan take, ko da daga baya zai rage. Ya bi hashtag, domin tun fitowar Mastodon 4.0 a 2022 ana bin hashtag kamar yadda ake bin mutum. Ya shiga saituna ya zaɓi Hausa a matsayin harshen rubutunsa, in ba haka ba rubutunsa zai riƙa fita da alamar Turanci, mai tace harshe ba zai same shi ba. In yana so a riƙa samun rubutunsa ta hanyar bincike, sai ya kunna wannan da kansa, a kashe yake zuwa. Ya kashe hotuna masu motsi da kansu saboda data. Iyakar rubutu haruffa 500 ne, hoto huɗu.

Sai gargaɗin da ba na so a manta. Saƙon sirri a Mastodon ba kamar na WhatsApp ba ne, ba a kulle yake ba. Mai riƙe da sabarka da mai riƙe da sabar wanda ka aika wa, in sun so, suna iya karantawa daga rumbun bayanai. Kuma idan kana cikin saƙon sirri ka ambaci adireshin mutum na uku, to ka shigo da shi, zai ga saƙon. Wannan ya sha haɗa mutane faɗa.

Kawun Terminus: Malama, in mutum ya ga ba ya jin daɗin sabarmu, zai iya kwashe kayansa?

Malamar Farin Gada: Zai iya, Kawu, amma ba duka ba. Zai buɗe sabon asusu a can, ya shiga saitunan sabon ya rubuta adireshin tsohon a matsayin laƙabinsa, sannan ya dawo tsohon ya ba da umarnin ƙaura. Mabiyansa za su bi shi da kansu. Jerin waɗanda yake bi da waɗanda ya toshe kuwa sai ya sauke su a fayil ya ɗora a can. Tsofaffin rubuce-rubucensa ba sa binsa. Bayan ƙaura sai ya jira kwana 30 kafin ya sake wata. Kuma duk wannan sai tsohuwar sabar tana raye. Idan ta mutu dare ɗaya, mabiya sun tafi ke nan.

Kawun Terminus: To ga tambayata ta gaske. Wani daga wata saba ya zo ƙarƙashin rubutun 'yarmu yana zaginta. Ba ɗan gidanmu ba ne. Me admin, wato mai kula da sabar, zai yi?

Injiniyan Bukuru: Akwai matakala, Kawu, kuma sanin bambancin matakan shi ne rabin aikin. Ga ɗan gida, admin na iya yi masa gargaɗi, ko goge rubutun, ko rufe hotunansa sai an latsa, ko daskarar da asusun ya kasa shiga amma rubutunsa na nan, ko taƙaita shi, ko dakatar da shi. Ga baƙo, manyan makamai biyu ne. Taƙaitawa, wadda aka rubuta Limit a shafin admin, tana ɓoye shi daga shafukan jama'a na sabarmu, waɗanda suka riga suka bi shi kaɗai za su ci gaba da ganinsa, in kuma ya nemi bin wani namu sai an amince masa. Dakatarwa, wato Suspend, tana share shi daga sabarmu baki ɗaya.

Amma ku lura, ko mun dakatar da shi, asusunsa na can yana aiki. 'Yan sabarsa da na sauran sabobi za su ci gaba da ganin zagin. Mu kawai muka daina gani. Wanda zai iya cire shi daga tushe shi ne admin ɗin sabarsa. In shi ma bai damu ba, sai a hau mataki na gaba, a taƙaita sabar gaba ɗaya ko a yanke hulɗa da ita.

Hajiyar Rikkos: A nan nake so in tsaya, domin wannan "sai admin ɗinsa ya cire shi" yana da sauƙin faɗa. Idan ka kai ƙorafi kan baƙo, akwai wani zaɓi na a tura kwafin ƙorafin ga sabarsa. Ba a tura sunanka, da sunan sabarmu yake zuwa. Amma bayanin da ka rubuta ana tura shi yadda yake. Idan ka rubuta "ya zage ni a ƙarƙashin rubutuna na jiya", ka riga ka nuna kanka. In sabar ta 'yan tsokana ce, admin ɗin ma ɗaya daga cikinsu ne, ka miƙa musu abin wasa. Don haka a koya wa mutane: saba da ba a sani ba, kada a tura, a bar wa admin ɗinmu ya duba tukuna.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma, ita ce harshe. Mai sa ido a wata saba ta Turai, ɗan sa kai ne da ke duba ƙorafi bayan ya tashi aiki, bai san Hausa ba. Zai saka rubutun a na'urar fassara. Zagin ƙare dangi mai yiwuwa ta kama. Amma habaici fa? Gugar zana fa? Wanda ya rubuta "mun san gidan, mun san hanyar makarantar yaran" bai yi ashar ko ɗaya ba, alhali kowane ɗan Jos ya san barazana ce. Kalmomin da ake jifan juna da su na ƙabila da addini kuwa, fassarar za ta mayar da su kalmomi masu sanyi. Saboda haka duk ƙorafin da za mu tura waje, admin ɗinmu ya haɗa da fassarar Turanci jimla da jimla, da layi ɗaya da ke bayyana abin da maganar ke nufi a nan. Wurin bayanin na ɗaukar haruffa 1000, ya isa.

Ɗan Gangare: Hajiya, ba za a iya saka jerin kalmomin zagi ba, na'ura ta riƙa tarewa da kanta?

Hajiyar Rikkos: A Mastodon matatar kalmomi ta mutum ɗaya ce, kowa ya saka wa kansa. Admin ba shi da wadda zai shimfiɗa wa saba baki ɗaya. Pleroma da Akkoma, wasu manhajoji masu kama da Mastodon, suna da irin wannan, in wannan ne ya fi muhimmanci sai a duba su. Amma ko da akwai, rubutun Hausa a waya zai kayar da ita. Kalma ɗaya wani zai rubuta da ƙ, wani da k, wani da q, wani ya saka waƙafi a sama, wani ya haɗe ta da ta gabanta, wani ya cakuɗa da Pidgin. Sai ka jera siffa biyar ko shida ga kowace kalma, sannan ka tare mai ba da labarin an zage shi tare da mai zagin. Ido na mutum ake bukata, ƙanena, kuma idon da ya san garin.

'Yar Tudun Wada: Salama gare ku duka. Na yarda da Hajiya, kuma ina so in faɗi abin da duk muke kewayewa. Wannan saba a Jos za ta zauna. Garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da jita-jita ke yi. A 2018 BBC ta yi bincike kan yadda hotunan da ba na nan ba suka yaɗu a Facebook lokacin rikicin Filato, ana cewa a nan aka ɗauke su. Facebook da kuɗinta da ma'aikatanta ta kasa tare abin da wuri. Mu da 'yan sa kai huɗu ko biyar, dole mu tsara tun kafin ranar ta zo.

Shawarata ita ce, na farko, masu sa ido su zama gauraye. Musulmi da Kirista, mai jin Berom ko Afizere ko Fulfulde ban da Hausa, mace da namiji. Ba don ado ba. Ranar da aka goge rubutun wani, tambayar farko da za a yi ita ce wa ya goge, kuma in duk 'yan gefe ɗaya ne, an gama yanke wa sabar hukunci ko da sun yi daidai. Na biyu, duk hukuncin da ya shafi addini ko ƙabila, mutum biyu daga ɓangarori daban su sa hannu kafin a dakatar da asusu. Na uku, shafin abubuwan da ke tashe yana zuwa da tsarin sai admin ya amince kafin hashtag ko mahaɗi ya hau. Kada kowa ya kashe wannan don neman sauƙi. Na huɗu, hoton gawa ko gobara da aka ce "yanzu-yanzu a unguwa kaza", a rufe shi nan take, a bincika asalinsa da Google Lens ko TinEye, a duba ko masu tantance labarai irin su Dubawa ko Africa Check sun taɓa magana a kansa. In tsoho ne a goge, a rubuta wa mai shi dalili.

Injiniyan Bukuru: Anti, dokar mutum biyu tana da kyau da rana. Ƙarfe biyun dare fa, mutum ɗaya ne a farke, rubutu yana kiran a fito?

'Yar Tudun Wada: Shi ya sa ka ambaci daskararwa ɗazu. Mutum ɗaya yana da ikon goge rubutun ya daskarar da asusun har gari ya waye, bayan ya ɗauki hoton allo ya ajiye. Daskararwa ana janye ta ba a rasa komai ba. Dakatarwa ce ke jiran mutum na biyu, domin ita bayan kwana 30 ake share bayanan asusun, ba dawowa.

Injiniyan Bukuru: Wannan ya yi. To ni ga tawa shawarar, na san ba kowa zai so ta ba. Tun ranar farko mu ɗora jerin sabobin da aka san su da ɓarna, mu yanke hulɗa da su kafin su san muna nan. Tun Mastodon 4.1 ana iya shigo da irin wannan jeri a fayil ɗaya. Lokacin da Gab, wani dandalin Amurka da ya yi suna da masu tsattsauran ra'ayi, ta koma amfani da manhajar Mastodon a 2019, haka sabobi da yawa suka yi mata, suka rufe ƙofa tun kafin ta ƙwanƙwasa. Kuma in gari ya ɗauki zafi, akwai tsarin da saba ba ta magana da kowa sai waɗanda aka rubuta sunansu. Ni da za a bi tawa, da shi za mu fara.

Malamar Farin Gada: Rabin farko na yarda, rabi na biyu ban yarda ba, Injiniya. Akwai sabobin da ba a muhawara a kansu, na masu yaɗa hotunan lalata da yara da na masu farautar mutane. Waɗannan a rufe su tun kafin mutum na farko ya yi rajista. Amma jerin da ake yawo da su ba duka ke nan ba. Wasu sunayen sun shiga ne saboda admin biyu sun yi faɗa a wata ƙasa kan abin da bai shafe mu ba. In ka ɗora jerin ido rufe, ka gaji rigimar da ba ka san farkonta ba. A buɗe fayil ɗin, a duba dalilin da aka rubuta gaban kowane suna, a ɗauki waɗanda jeri daban-daban suka haɗu a kansu.

Sannan a san tsadar yanke hulɗa. Da zarar ka dakatar da saba, duk wata alaƙar bi tsakanin mutanenmu da nata ta tsinke, kuma ko ka janye hukuncin gobe ba ta dawowa da kanta. Daga Mastodon 4.3 na 2024 ana sanar da mutum, ana ba shi jerin waɗanda ya rasa, amma mabiyan da ya rasa sai sun sake binsa ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibar da ke bin malamanta a wata babbar saba ba ta yi laifin komai ba. Babbar saba mai dubban mutane, a taƙaita ta ko a ƙi karɓar hotunanta, kada a yanke. Tsarin "sai wanda aka rubuta sunansa" kuwa, in da shi za mu zauna, gara mu buɗe zauren WhatsApp mu huta da kuɗin saba.

Injiniyan Bukuru: Taƙaitawa ba ta hana kwafin shigowa faifanmu, Malama. Tana ɓoye shi ne kawai.

Malamar Farin Gada: Gaskiya ne, shi ya sa na haɗa da ƙin karɓar hotuna. Rubutu zalla ba shi ne ke jefa mai saba cikin hatsari ba.

Baristan Rayfield: Tunda an zo maganar hatsari, bari in shigo. Duk wanda sunansa ke kan rajistar adireshin sabar da kuɗin hayarta, shi za a nema. Don haka kada ya zama mutum ɗaya da katin bankinsa. A yi ƙungiya mai rajista, a rubuta wanda ke riƙe da me.

Saba tana ajiye imel ɗin mutane, da lambar IP, wato adireshin intanet, da suka shiga da ita, wadda in ba a sauya saiti ba takan kai shekara guda, da saƙonninsu na sirri. Wannan ya sa mu ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023. In bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, doka ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Shawarata a rage abin da ake ajiyewa: a gajarta wa'adin IP, kada a nemi lambar waya ko NIN wajen rajista. Abin da ba ka ajiye ba, ba mai ƙwace shi a hannunka. A 2023 hukumar FBI ta kwashe kwamfutar wani admin na sabar Kolektiva a Amurka, a kan wani lamari daban, sai ga shi akwai kwafin rumbun bayanan sabar a ciki ba a kulle ba. Darasin a fili yake: kada admin ya sauke kwafin rumbu a kwamfutarsa ta gida sai a kulle, kuma ya goge da ya gama aiki.

Akwai kuma sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, kuma an sha kama mutane da shi kan rubutu. Wata rana takarda za ta iya zuwa ana neman bayanan wani. A rubuta tun yanzu cewa ba admin ɗin da zai miƙa komai bisa kiran waya, sai takardar da doka ta yarda da ita, kuma sai lauya ya gani. A sanar da masu rajista wannan a shafin farko, su san iyakar kariyar da muke iya ba su.

Kawun Terminus: Barista, hotunan lalata da yara da Malama ta ambata, in sun shigo ta kwafi fa, ba da saninmu ba?

Baristan Rayfield: Wannan ba abin jinkiri ba ne, Kawu. Masu bincike na jami'ar Stanford sun nuna a 2023 cewa irin waɗannan hotuna suna yawo a wasu sabobi, kuma Mastodon ba ta zuwa da na'urar gano su. Wanda ya gani kada ya sauke, kada ya tura wa sauran admin "don su gani", kada ya ɗauki hoton allo. A rubuta adireshin, a dakatar da asusun da sabar, a share kwafin, a kai rahoto ga hukuma.

Injiniyan Bukuru: Share kwafin ma aikin yau da kullum ne. Hotunan baƙi su ke cinye faifai, ba na 'yan gida ba. A shafin admin a saka wa'adin ajiyar hotunan waje kwana 7 zuwa 14, ko a riƙa gudanar da umarnin `tootctl media remove --days=7` a kan sabar. Amma akwai wani saiti kusa da shi na share rubuce-rubucen waje, kada a taɓa shi, domin yana tafiya da abin da mutane suka adana da amsoshin da ke ƙarƙashin rubutunsu.

Sauran kayan aiki a taƙaice: saba mai RAM giga 4 ta ishi mutum ɗari ko ɗari biyu a farko. A kanta manhajojin da Mastodon ke dogara da su za su zauna: PostgreSQL da Redis masu ajiye bayanai, da Sidekiq mai jera ayyukan aikawa da karɓar saƙo. In rubutu ya fara isowa a makare, layin Sidekiq za a fara dubawa. Ana bukatar hanyar aika imel mai aminci, in ba haka ba saƙon tabbatar da rajista zai faɗa kwandon shara, mutum ya ɗauka an ƙi shi. A yi hayar sabar a cibiyar bayanai, kada a ajiye ta a ɗakin wani ana jiran wutar JED, kamfanin rarraba lantarki na Jos, domin in ta daɗe a kashe sauran sabobi sukan daina turo mata saƙo. Sunan adireshi kuwa a zaɓe shi da natsuwa, ba a sauya shi bayan an fara.

Hajiyar Rikkos: Rajista fa? Ina ganin kada a bar ta a buɗe.

Injiniyan Bukuru: Ko kusa. A Fabrairun 2024 an yi ambaliyar saƙonnin banza, kuma ta ƙananan sabobi masu buɗaɗɗiyar rajista da ba mai duba su aka bi. Bayan nan ne aka gyara manhajar, in mako ya wuce ba mai sa ido da ya leƙo, rajista ta koma sai da amincewa. Mu fara da amincewar tun farko, da tambayar "me ya kawo ka", a amsa da Hausa. Wannan kaɗai zai tace da yawa. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kada a toshe lambar IP don korar mutum ɗaya. Layukan waya irin su MTN da Airtel suna haɗa mutane da yawa a kan lamba ɗaya, sai ka kori mai laifi tare da rabin unguwa, shi kuma ya kashe data ya kunna ya dawo da sabuwa.

'Yar Tudun Wada: Akwai gefen da ba mu taɓa ba. Yadda muke auna wasu, haka ake auna mu. In ɗan sabarmu ya je yana cin zarafin mutane a waje, aka turo ƙorafi ya kwana uku ba amsa, za a saka sunanmu a hashtag ɗin FediBlock, inda ake shelanta sabobin da ya kamata a toshe, sabobi su fara yanke mu, kuma fita daga irin wannan jeri ya fi shiga wuya. Sharuɗɗan da Mastodon ta gindaya kafin ta saka saba a shafinta na jagora huɗu ne: sa ido na gaske kan wariyar launi da cin zarafin mata da na masu neman jinsi da masu sauya jinsi, adana kwafin bayanai kullum, mutum na biyu da ke da mabuɗin gaggawa, da sanarwar wata uku kafin rufewa. Na san na farkon zai jawo magana a nan. Amma dokar da za ta raba gardama gajera ce: ba a bin kowa da zagi ko barazana ko tona asiri, ko wane ne shi, a gida ko a waje. Ba a nemi kowa ya sauya aƙidarsa ba.

Baristan Rayfield: A rubuta dokokin da misalai, Anti, ba da manyan kalmomi ba. "A girmama juna" ba doka ba ce, kowa zai fassara ta yadda ya so. A ce: sukar ra'ayi ko hukuma ko malami ko fasto kan abin da ya faɗa a fili, an yarda. Jingina laifin mutum ɗaya ga ƙabilarsa ko addininsa, an hana. Wallafa adireshin gida ko lambar wayar wani, dakatarwa kai tsaye. Kowane hukunci a haɗa shi da lambar dokar da aka karya. Manhajar tana ba mutum kwana 20 ya ɗaukaka ƙara, kuma wanda ya yanke hukuncin kada ya zama shi zai saurari ƙarar. Akwai kundin da ke rubuta duk abin da kowane admin ya yi, a riƙa duba shi tare duk wata.

Ɗan Gangare: Ga abin da na tsinta ana iya farawa da shi: rajista da amincewa, mutum hamsin na farko ta hanyar gayyata, gajeren jerin sabobin da ba a muhawara a kansu, sauran kuma taƙaitawa kafin yankewa. Maganar dandalin Threads, tunda Meta mai Facebook ta fara haɗa ta da wannan tsari a 2024 kuma sabobi sun rabu a kanta, a bar ta sai masu rajista sun faɗi ra'ayinsu. Barista da Anti su rubuto daftarin dokoki da Hausa da Turanci.

Hajiyar Rikkos: A ƙara da jadawalin gadi kafin a gayyaci kowa. Mutum biyar, kowa da ranarsa, a duba akwatin ƙorafi safe da yamma, kuma kowannensu ya kunna tabbacin shiga mai mataki biyu. Wanda ya kalli munanan hotuna a ranarsa a ba shi hutun mako, wannan aiki yana cin rai. Daren Juma'a da na Lahadi da ranakun zaɓe a saka mutum biyu. In ba mu samu biyar da suka amsa da bakinsu ba, a dakata da biyan kuɗin sabar.

Injiniyan Bukuru: Na ɗauki daren Juma'a. Saura mutum na biyu, kuma bisa sharaɗin Anti, ya fito daga ɗaya ɓangaren.